Kayan akwati da kayan zaman gida

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni dai da nake wuni gaban keken ɗinki a Tudun Wadar Gusau, fuska ba ta cika gaya mini gaskiya ba. Mace takan wanke ta, ta shafa hoda, ta zizara kwalli, ta yi sallama da fara'a alhali ranta a jagule yake. Inda nake samun labari shi ne lokacin da na ɗauko tef na ce ta cire hijabi in auna ta. A nan rigar da ta kwana da ita take bayyana, wadda ta yi shara da ita, ta tuƙa tuwo da ita, sannan ta zura hijabi a kai ta fito. Wata wuyan rigar ya saki har ya zamo kafaɗa. Wata hammatar ta yage an kama da fil. Wata zanen ya koɗe har mai shi ma sai ta yi tunani kafin ta tuna launinsa na asali. Kuma kada a ce babu ce ta kawo haka, don sau da yawa ledar da ke hannunta leshi ne a ciki wanda kuɗinsa zai ciyar da gidana wata guda, za a ɗinka na bikin ƙanwar miji.

Mun raba tufafinmu gida biyu. Masu kyau suna akwati, an jera su da kafur, suna jiran biki ko suna ko sallah, a sa su awa uku ko huɗu don idon mutane a cire. Sauran rayuwa kuwa, safiya da rana da daren kowace ranar Allah, a cikin tsumma muke yin ta. Ni kuma na daɗe da yarda cewa ƙuncin da mata ke zama suna ba ni labarinsa, yawan faɗa da yara, kasala, jin kamar ba a da wani amfani a gidan, akwai hannun wannan tsumman a ciki. Ban ce shi kaɗai ba ne. Amma yana da kasonsa, kuma kasonsa ya fi na sauran sauƙin gyara.

Bari in fara da fata, don ita ba ta gardama. Daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwan fari ya sauka, zafin Gusau yakan haura digiri 40. A irin wannan rana mace za ta sa rigar roba, ta ɗora siket mai shafin roba, ta rufa da hijabin roba har ƙasa, ta shiga kasuwa da tsakar rana. Ta dawo kai na sara, yaro ya ce "Mama, ruwa", ta daka masa tsawar da sai maƙwabta sun ji. Da dare ta ce ita yau ba ta san abin da ke damunta ba. Ni na sani, don ni na ɗinka siket ɗin, kuma sai da na ce a bar shafin ta ce a'a.

Zaren auduga yana iya shan danshi kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba. Na foliyesta, wanda muke kira roba, bai kai kashi 1 ba. Daga man fetur ake samo shi, kuma danginsu ɗaya da gorar ruwan da ake sayarwa a shago. Saboda haka gumi ba ya samun wurin zuwa, sai ya kwanta tsakanin fata da yadi. Daga nan ƙurajen zafi su feso a ƙugu da ƙarƙashin nono da matsematsi, ga wani wari da ke kama hammatar riga wanda sabulu ba ya fitar da shi duka. Wanda jikinsa ke ƙaiƙayi tun hantsi, haƙurinsa ba ya kai la'asar. Da hunturu kuma robar ta sake salo: hijabi ya manne a jiki, a cire shi cikin duhu a ga tartsatsi yana ƙas-ƙas, fatar da dama ta bushe ta ƙara yin fari.

Yanzu har atamfa an cika gauraya ta, a rubuta auduga a bakin turmi alhali rabinta roba ce. Ni ba na karanta rubutun. Zare nake zarowa daga bakin yadin in kyasta masa ashana. Auduga takan ci wuta da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba kuwa narkewa take, ta yi baƙin hayaƙi, ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Akwai masu shago a babbar kasuwa da in sun hango ni da kwalin ashana sai su fara dariya, su ce "Hajiya, wannan ba naki ba ne, bari in ɗauko miki na ciki."

Abin haushin shi ne ƙasar auduga muke. Kakata ta wajen uwa, a Kwatarkwashi, har ta tsufa tana kaɗi. Za ta gurza audugar ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka har ta yi sumul, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari, hira na tafiya zare na tafiya. Abawar a kai wa masaƙa su saƙo gwado. Layin dogon da ya isa Ƙauran Namoda a 1929 auduga da gyaɗa yake kwasa, kuma a nan Gusau muna da masaƙarmu da ake kira Zamtex, bayan manyan na Kaduna da ta farkonsu ta fara aiki a 1957. Yau duk sun yi shiru, dilolin yadi daga Sin suke zuwa su sauka Kantin Kwari, mu je Kano mu saro. Ba kukan zamanin da nake yi ba, gwadon Kaka kaushi gare shi, yarana ba za su yarda su kwana cikinsa ba. Amma a duba wannan: atamfar Holan ta Vlisco, da ake bugawa a garin Helmond, auduga ce. Shaddar Getzner da ke zuwa daga Ostiriya, wadda manya ke ji da ita, auduga ce. Mai kuɗin da ke zaune ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki shi ke sa audugar, jikan manomin auduga da ke tafe cikin rana shi ke sa roba.

Bayan irin yadi sai faɗin ɗinki, kuma a wurina faɗi ya fi launi muhimmanci. Ana yawan tambayata ko baƙar abaya ce ke kawo zafi. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani gwaji da aka yi a kan rigunan Larabawan hamada: aka tsayar da mutum cikin rana da baƙar riga mai faɗi, aka sake tsayar da shi da fara. Baƙar ta fi shan zafin rana, babu musu, amma zafin da ya isa fatarsa kusan ɗaya ne, domin iska na zagayawa tsakanin rigar da jiki tana kwashe shi kafin ya kai. Kakanninmu ba su karanta wannan ba, amma a dubi babbar riga, a dubi 'yar shara da gefenta a buɗe, a dubi ɗaurin zane. Duk an bar wa iska hanya.

Sai ga mu yau, yarinya za ta tsaya gabana tana ce mini "Anti, ki ƙara matsewa nan, ki ƙara nan." Na ga amaryar da sai da ƙawaye biyu suka taru a kan zif ɗinta, ɗaya na haɗa bakin ɗaya na ja. Ta wuni ba ta iya zama sosai, ba ta iya cin abinci, numfashi rabi-rabi, lokacin salla ya yi sai an kwance ta tukuna. A hotuna ta yi kyau ƙwarai. 'Yan uwan ango kuma suka tafi da labarin amarya ba ta da fara'a.

Wannan na jiki kenan. Na zuciya kuwa a wurin Gwaggo na ga shi da idona, lokacin da ta yi takaba.

Gwaggo yayar babanmu ce, kuma duk dangi an san ta da ado. Ba ta fitowa tsakar gida sai da ɗaurin kallabinta mai tsini a gefe, kayanta kullum sun sha turaren wuta, har in ta ba ka aron mayafi sai ƙanshin ya bi ka kwana biyu. Da mijinta ya rasu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 a suratul Baƙara ta faɗa. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba kayan ado. Akwai abubuwan da mutane suka ƙara daga baya, wai mai takaba ba ta sauya zane, ba ta wanka sai Juma'a, ba ta taje kai. Malamai sun sha faɗa cewa wannan ba addini ba ne, tsafta ba ta cikin abin da aka hana. Gwaggo ba ta bi wannan ba, zannuwanta marasa ado a wanke suke tas, a goge. Duk da haka sai na ga mace ta koma wata daban. Muryarta ta yi ƙasa. Tafiyarta ta sauya. Wadda ba a yanke magana a gidan sai da ita, sai ta koma "duk yadda kunka gani."

Rashin miji ne, na sani, ba zane ba. Amma zanen yana riƙe da ita a wurin, kullum da safe yana tuna mata halin da take ciki, kuma ina ganin hikimar kenan: a ba baƙin ciki kayansa da zai sa, a kuma sa masa ranar cirewa. Mutanenmu ba sa wasa da wannan rana. Ana yin wanka, a yi kitso, a ƙunsa lalle, a fito da sabon ɗinki, 'yan uwa su zo a yi addu'a. Ni na ɗinka mata nata, atamfa mai ruwan goro, riga da zane. Ta sa, ta tsaya gaban madubi ta daɗe tana juyawa, mu duk mun yi tsit muna jiran kuka. Sai ta waiwayo ta ce, "Ke ɗiyata, wanga wuyan riga kin buɗe shi awa na 'yan mata. Kuma zanen bai kai idon sawu ba. Mai da shi ki gyara." Innarmu ta fita waje tana dariya tana share hawaye, don tun ranar rasuwar ba wanda ya ji Gwaggo ta kushe wani abu.

Abin da ke damuna shi ne matan da mazansu ke raye, suna cin tuwo kullum, amma su suna cikin takaba ba su sani ba, kuma tasu ba ta da ranar fita. A wa'azi akan ɗora laifin a kansu, wai mace ba ta kwalliya shi ya sa miji ke waige-waige. Ni kuwa labarin Salmanu da Abu Darda'i, Allah ya yarda da su, wanda Bukhari ya ruwaito, shi nake tunawa. Salmanu ya kai ziyara ya tarar da Ummu Darda'i, matar Abu Darda'i, cikin kaya marasa kyan gani, ya tambaye ta lafiya, ta ce ɗan uwanka ba shi da buƙatar duniya. Salmanu bai tsaya yi mata nasihar kwalliya ba. Mijin ya jira, ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya yi barci, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka. Da maganar ta je wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Wato ya kalli tufafin matar ya karanto halin gidan duka. Mazan da rabonsu da sayo ko falle ɗaya tun lefe, su ma su ji.

Turawa ma sun taɓa wannan batu. A 2012 wasu masu bincike biyu a Amurka, Hajo Adam da Adam Galinsky, sun ba ɗalibai farar riga iri ɗaya. Wasu aka ce musu ta likita ce, wasu aka ce ta mai fenti ce, kuma waɗanda suka ɗauka ta likita ce suka fi mai da hankali a gwajin da aka ba su. Labarin ya yi ta yawo. Sai dai a 2019 wasu sun maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da mutane masu yawa ba su samu sakamakon ba, don haka ba na rantsuwa da shi. Wanda ya fi kwanta mini shi ne na asibitocin Ingila, da suka yi gangamin kwana 70 a 2018 don majinyata su cire kayan barci da safe, su sa kayansu na gida, su tashi su taka. Dalilinsu a fili yake: wanda ya wuni cikin kayan kwanciya kwanciya yake yi, tsoho kuwa in ya daɗe kwance ƙarfin ƙafarsa zubewa yake. Duk wadda ta yi jinyar tsohuwa ta san ranar da ta ce a miƙo mata kallabi, sauƙi ya fara samuwa.

Shekarun nan da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka a Maru da Anka da Zurmi da Tsafe da Shinkafi, Gusau ta cika da mutanen da suka baro gida da abin da ke jikinsu kawai. Wasu a kangwaye suke, wasu a gidajen dangi. Cikinsu akwai ɗiyar ƙanwar innarmu. Ta iso mana da goyo, zanen da ta ɗaura shi ne a jikinta, wanda ta goya yaron da shi kuma mayafinta ne. Akwatunan lefenta, da ba ta ko gama ɗinke su ba, can aka baro su.

Maƙwabta suka kawo abin da ya sauwaƙa, ni ma na buɗe durowa na ba ta nawa. To ni mai jiki ce, ita kuwa siririya ce, tafiya da rashin barci sun ƙara zuge ta. Sai ta sa rigata kafaɗar ta sauko mata har damtse, ta naɗe hannun, ta kama wuyan da hannu ɗaya in za ta sunkuya. Ba ta taɓa cewa komai ba sai godiya. Amma ba ta fitowa. In aka yi sallama sai ta ɗauki yaron ta shige ɗaki, ta zauna bayan ƙofa har baƙi su tafi. Abinci sai an tsaya a kanta. An ce zanen aro ba ya rufe katara, ita nata har ya yi yawa, amma duk wanda ya kalle ta ya san ba nata ba ne, ita ma ta san an sani.

Wata rana ina yanka, tana zaune gefe tana tsince mini zare, sai na ga ta kai hannu kan wata koriyar atamfa mai zanen ganye da na ajiye. Ta shafa ta, ta juya bayanta ta duba, irin duban wadda ta san kaya. Ta ce, "Yaya, irin wagga ina da ita cikin lefena. Ban kai ga ɗunka ta ba." Ban amsa ba, na miƙe na ɗauko tef na ce ta tashi. Na tambaye ta yadda take so, ina zaton za ta ce duk yadda na yi. Ashe tana da magana. Riga da zane take so, ba doguwar riga ba. Hannu ya tsaya a gwiwar hannu saboda wanke-wanke. Wuyan ya yi yadda za ta shayar ba sai ta tuɓe ba. "Kuma ba ni son mai zif, Yaya, hannuna bai kai baya." Kallabin kuma kada in rage shi, don ɗaurinsu na can babba ne, ba irin namu na birni ba. Rabon da in ji ta jera magana haka tun kafin abin ya faru.

Da aka gama, ita ke wanke kayan da kanta, ba ta yarda a haɗa su da wankin gida. Ta roƙi dutsen guga na gawayi ta goge. Cikin satin ta fara fitowa shara da sassafe, da aka yi suna a maƙwabta ta bi ni, har ta karɓi aikin rabon waina. Kada in ƙara wa labarin gishiri: har yau in babur ya wuce bayan gida da dare firgigit take tashi ta rungume yaron, kuma akwai sunayen da ba a ambata gabanta. Atamfa ba ta taɓa wannan wurin ba. Abin da ta yi shi ne ta ba ta damar tsayawa cikin mata ba tare da kowa ya gane ta daga nesa ba, kuma daga wannan tsayuwar ne sauran abubuwa suka soma motsi.

Tun daga nan na sauya yadda nake karɓar kayan taimako in matan unguwa sun tara. Akwai masu share ɗaki da sunan sadaka, su ƙullo yagaggu da masu tabon manja da takalmi ƙafa ɗaya. Aya ta 267 a Baƙara ta hana mutum ya nufi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido, ya ce shi zai bayar. Mukan ware, mu wanke, mu goge, in akwai ɓarakar da za a kama in kama. Sannan ba ma ƙulla wa kowa nata a leda. A tabarma muke bazawa, kowace ta zo ta ɗaga ta gwada ta zaɓa, ko da za ta ɓata mana rabin awa tana canza ra'ayi. Kuma in akwai 'yan kuɗi, ɗan kamfai da rigar nono sababbi muke fara saye, da audugar mata, domin su ne ba wanda ke tunawa, su ne kuma ba wadda za ta buɗe baki ta roƙa.

Akwai inda ɗinki ba ya kaiwa, wannan kuma ya kamata a gane shi da wuri. In mutum mai tsafta ya koma sai ya yi makonni ba wanka, ba sauya kaya, ba barci, ba cin abinci, abin da yake so da ma ya daina so, kada a tsaya ce masa ƙazami ko malalaci, kada kuma a tsaya a hayaƙi da tofi kawai. Cutar damuwa ce ke zuwa da wannan kama, tana da magani, likita ake gani. Ga asibitocin garin nan, ga na masu taɓin hankali da ke Kware a jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Haka mai jego: in an ci suna an watse, aka ga ta kasa ko sauya zanen da nono ya jiƙa, tana kuka ba dalili, a sa mata ido sosai.

Maza ban cika sanin nasu ba, don ba na yi musu ɗinki. Amma ina da kawu da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma har yau ƙarfe takwas na safe ya yi wanka, ya sa kaftani mai guga, ya karya hula, ya fito da kujera ƙofar gida da rediyonsa. Ba inda za shi. Abokinsa da suka ajiye aiki tare ya koma singileti da zane, ba a fi ganinsa ba sai Juma'a, kuma in ka gan su tare sai ka ba shi shekara goma a kan kawun.

Da wata dattijuwa ta rasu a danginmu, aka buɗe akwatunanta don rabon gado. Turame ne jere, Holan na gaske irin wanda yanzu ko da kuɗi sai an sha wuya, wasu ko takardar jikinsu ba a ɓare ba. Da aka warware sai ga layin ninki ya ci, wasu suna yagewa a hannu, gara ta shiga ta ƙasa. Matar nan a zane biyu na san ta. Magada suka yi ta jimamin asarar atamfa, ni kuwa lissafin shekarun da ta yi tana zufa cikin koɗaɗɗen yadi nake yi, da wannan dukiya a ƙarƙashin gadonta.

Shi ya sa yanzu duk wadda ta kawo mini anko sai na tambaye ta me take sawa a gida. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Amsar kusan ɗaya ce: "Wa zai gan ni?" ko kuma "Hayaƙi da manja za su lalata." Na manja ina da amsarsa, a zaɓi mai duhun launi da cikar zane, tabo ba ya nunawa. Batun kuɗi kuwa, tun da kaya suka yi tashin gwauron zabo bayan 2023, ba na ce wa kowa ta sayo sabo. Cewa nake ta buɗe akwati ta ɗauko atamfar da ta fi daɗewa ba a taɓa ba, ko ankon bara da ba za a sake sawa ba in dai auduga ce. Yadi uku sun isa. In yanka mata bubu mai faɗi, ba shafi, ba zif, ba duwatsu, hannu daidai aiki, da aljihu biyu manya, ɗaya na waya ɗaya na makulli da canjin cefane. Guda biyu nake so kowace ta mallaka, ɗaya a jiki ɗaya a igiya. A gwanjo ma ana samun rigunan auduga masu kyau in an iya tono, a dai tafi da ashana.

Kuɗin wannan ɗinki bai kai rabin na riga da siket ba, kuma wasu abokan sana'a sun ce ina karya kasuwa. Su yi haƙuri. Ga masu tambaya kuma, ɗinkin sallah ina rufe karɓa ranar goma ga azumi, ko 'yar uwata ce ta zo bayan nan sai dai ta nemi wani tela, don na gaji da kwana kan keke ana buga mini ƙofa ranar jajibiri. Rigar zaman gida ce kaɗai ba ta da ranar rufewa. A kawo da safe, a aiko yaro ya karɓa bayan la'asar.